Yadda Ake Juya Asid ɗin Kaboksilik Ya Koma Gishiri: Daga Ruwan Khal Zuwa Sabulu

Idan aka jefa gutsuren kanwa a tukunyar miyar yakuwa, miyar kan taso da kumfa kamar za ta zube, jim kaɗan kuma tsamin ya kwanta. Tsamin yakuwa asid ne, kanwa kuwa akasarinta sodiyam kabonet ce da sodiyam bayikabonet, duk da cewa a kasuwa wasu na kiranta fotash. Da suka haɗu sai asid ɗin ya zama gishiri, iskar kabon dayoksaid ta fice, ita ce kumfar. Asid ɗin da ke cikin yakuwa da zoɓo da tsamiya da lemun tsami da nono da ruwan khal duk 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu asid ɗin kaboksilik. Abin da ya haɗa su shi ne wani ɗan gungu a ƙarshen ƙwayar sinadarin, wanda ake rubutawa –COOH: kabon ɗaya, oksijin biyu, haidurojin ɗaya. Sauran jikin ƙwayar ana taƙaita shi da harafin R, don haka sunan gidan gaba ɗaya RCOOH.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da kamanni biyu. Muddin haidurojin ɗin nan na ƙarshe yana maƙale, asid ne, RCOOH. Idan alkali, wato kishiyar asid irin su kanwa, ya ƙwace shi, sodiyam ko fotasiyam ya maye gurbinsa, ya zama gishiri, RCOONa ko RCOOK. Wari, ɗanɗano, narkewa a ruwa, iya hana abinci lalacewa, iya wanke datti, duk suna sauyawa tsakanin kamannin nan biyu. Ɗalibin da ke shirin gwajin kimiyyar sinadarai na WAEC ko NECO, da mai zoɓon sayarwa, da mai sabulun sana'a, aiki ɗaya suke yi: sanin wace kama ce a hannu, da yadda za a tura ta zuwa ɗayar.

Halayen da ya kamata a sani kafin a taɓa kwalba

Ƙaraminsu shi ne metanowik, HCOOH, wanda ake samu a jikin wasu nau'o'in tururuwa. Mai bi masa itanowik ko asetik, CH₃COOH, shi ne tsamin ruwan khal. Na tsamiya tatarik, na lemun tsami sitirik, na nono da kindirmo laktik. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara ware laktik daga madarar da ta yi tsami a 1780, ya kuma ware sitirik daga ruwan lemun tsami a 1784.

Dukkansu asid ne masu rauni. Ma'anar rauni a nan ita ce idan an narkar da su a ruwa kaɗan ne daga cikin ƙwayoyin ke sakin haidurojin. A ruwan itanowik mai ƙarfin 0.1 M (M na nufin mol nawa ne a lita, mol kuwa ma'aunin yawan ƙwayoyi ne), ƙwaya ɗaya da 'yan kai ce kawai cikin ɗari ke sakinsa, shi ya sa pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami wanda ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsamin, ke kusan 2.9, alhali HCl, asid mai ƙarfi, idan shi ma 0.1 M ne pH ɗinsa 1 ne. Kada kalmar rauni ta yaudari kowa: itanowik tsantsa, wanda ba a surka ba, yana ƙona fata, tururinsa kuma yana shaƙe mutum.

Ƙwayoyinsu na riƙe juna bibbiyu ta hanyar haɗin haidurojin, shi ya sa ba sa saurin tafasa. Itanowik sai ya kai digiri 118 na ma'aunin Salshiyas, alhali furofanol, mai nauyin ƙwaya daidai da shi, 60, yana tafasa a 97. Itanowik tsantsa yana daskarewa a digiri 16.6, don haka a asubahin hunturu a Kano ko Jos ana iya tarar da kwalbarsa ta sandare kamar ƙanƙara. Bai lalace ba. A sassauta murfin, a tsoma gindin kwalbar a ruwan ɗumi, zai narke.

Huɗun farko a jerin da ya fara da metanowik da itanowik, wato masu kabon ɗaya zuwa huɗu, suna gauraya da ruwa ko nawa aka zuba. Daga nan, gwargwadon tsawon sarƙar kabon gwargwadon ƙin ruwa. Sitiyarik, mai kabon 18, wanda ke cikin kitse da man kaɗe, daskararre ne kamar kakin zuma, ruwa ba ya narkar da shi ko kaɗan. Amma gishirinsa na sodiyam yana narkewa a ruwan zafi, kuma sunan da kowa ya san shi da shi sabulu.

Gwajin tabbatarwa

A zuba mililita 2 na ruwan da ake tuhuma a kwalbar gwaji. Idan gari ne, a narkar da kan wuƙa ɗaya a ɗan ruwa. A tsoma shuɗiyar takardar litmos, za ta koma ja. Wannan ya nuna asid ne kurum, bai faɗi wane iri ba. Sai a barbaɗa kwatan ƙaramin cokali na sodiyam bayikabonet, wato bekin soda. Idan ya yi kumfa, a toshe bakin kwalbar da toshi mai bututu, a kai iskar cikin ruwan laim, Ca(OH)₂. Ruwan zai yi fari kamar an ɗiga masa madara.

RCOOH + NaHCO₃ → RCOONa + H₂O + CO₂

Darajar wannan gwaji ita ce yana raba kaboksilik da finol da itanol, domin waɗannan biyun ba sa tayar da kumfa da bayikabonet. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko bekin foda maimakon bekin soda. Bekin foda tana ɗauke da nata asid ɗin, ko a ruwan randa aka zuba ta sai ta yi kumfa, gwajin ya tashi a banza.

Idan gishirin ne a hannu, a narkar da shi a ɗiga masa ruwan FeCl₃ wanda ba a sa wa asid ba. Itanowet, gishirin itanowik, yakan ba da ja mai duhu, idan an tafasa kuma laka ja-ja-ƙasa ta kwanta. Benzowet, gishirin asid ɗin benzowik, yakan ba da laka mai launin ƙasa-ƙasa mai haske nan take. Metanowik kuma shi kaɗai a jerin 'yan'uwansa na kusa yake kashe launin shunayya na KMnO₄ mai asid, saboda a jikinsa akwai ɓangaren da ya yi kama da aldihaid. Oksalik ma yana kashe launin, amma sai an ɗumama zuwa wajen digiri 60.

Auna ƙarfin ruwan khal

Kwalba na iya cewa kashi 5 cikin ɗari, amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan adadi ya rataya. A ɗebi mililita 25 na farin khal da fifet, bututun gilashin ɗiban ruwa daidai awo, a zuba a kwalbar awo ta mililita 250, a cika da tataccen ruwa zuwa layi, a jijjiga. A ɗebi mililita 25 daga ciki zuwa kwalba mai tsukakken baki, a ɗiga finoftalin, sinadarin da ke sauya launi idan asid ya ƙare, sau biyu ko uku. A cika biret, dogon bututun awo mai famfo a ƙasa, da ruwan kostik soda, NaOH, mai ƙarfin 0.1 M, a riƙa saki a hankali ana kaɗa kwalbar, har ruwan ya yi ruwan hoda mai haske wanda zai tsaya daƙiƙa 30 bai gushe ba. A maimaita har a sami karatu biyu da tazararsu ba ta wuce 0.1 ba.

Khal mai kashi 5 zai ci kusan mililita 20.8. Da wannan tsarin surki, a ninka karatun biret da 0.24, abin da ya fito shi ne giram nawa na asid ke cikin mililita 100.

Abubuwa biyu ke ɓata sakamako. Na farko amfani da metil orenj maimakon finoftalin. Gishirin da ke samuwa, sodiyam itanowet, shi kansa yana da ɗan alkali, don haka asid da alkali suna yin kunnen doki ne a pH sama da 8, metil orenj kuwa tun a tsakanin 3.1 da 4.4 yake sauya launi, tun ba a je ko'ina ba. Na biyu yarda da NaOH ɗin da aka auna giram 4 aka narkar a lita. Kostik soda na tsotsar laima da kabon dayoksaid daga iska tun tana kan sikeli. A fara gwada ta da oksalik mai ruwa biyu a jiki, giram 6.3 a lita: mililita 25 nasa ya kamata ya ci mililita 25 na sodar idan ƙarfinta daidai ne.

Haɗa gishirin sodiyam itanowet

Rabin lita na khal mai kashi 5 yana ɗauke da giram 25 na asid, wanda ke buƙatar giram 35 na bekin soda. A zuba khal ɗin a tukunyar sitil ko ta tangaran mai ɗaukar aƙalla lita 2, domin iskar da za ta fita ta kai lita 10. A riƙa zuba sodar cokali-cokali, ana jira kumfa ta faɗa kafin a ƙara. Idan an gama a ƙara babban cokali biyu na khal. Gara asid ya ɗan yi rara, domin shi zai tafi da tururi, rarar soda kuwa a cikin gishirin za ta zauna.

A ɗora a wuta kaɗan ba murfi, ya yi ta ƙonewa har ya rage kusan mililita 50 ko 60, aka fara ganin farin ɓawo a gefen tukunya da wata 'yar yana a saman ruwan. A sauke nan take. A kankare ɗan farin ɓawon a ajiye. A juye ruwan a kofin gilashi mai tsabta, a rufe, a bar shi ya huce ba tare da an motsa ba. Sau da yawa zai huce yana nan ruwa. Da an jefa masa ƙwaya ɗaya daga ɓawon nan sai ya daskare cikin daƙiƙoƙi, kofin ya ɗauki zafi sama da digiri 50. Wannan shi ne sodiyam itanowet mai ruwa uku a jiki, wanda ke narkewa a digiri 58, kuma lissafi ya nuna za a samu wajen giram 57.

Idan ya ƙi daskarewa, ruwa ya yi yawa, a mayar wuta. Idan ya daskare tun da zafinsa ya zama dunƙule, an ƙona ya wuce, a ƙara cokalin ruwa a sake narkarwa. Launin rawaya ko ruwan ƙasa daga wuta mai ƙarfi yake, ko daga khal ɗin tuffa mai sukari da launi. A sunsuna shi: warin khal ya tafi. A tsoma jar litmos a ruwansa, za ta koma shuɗiya. A ɗiga masa HCl a ɗumama, warin khal zai dawo.

A ɗakin gwaji, idan aka gasa wannan gishiri ya bushe ƙarau, aka haɗa da soda laim, cakuɗen kostik soda da laim, aka dafa da wuta mai ƙarfi, iskar mitan, CH₄, ce ke fita. A nan dole a zare bututu daga ruwan tara iska kafin a janye wuta, in ba haka ba ruwan sanyi zai tsotsu ya koma cikin kwalba mai zafi ta fashe.

Komawa baya: daga gishiri zuwa asid

Sodiyam benzowet, garin da masu lemo da zoɓo ke sawa don hana lalacewa, shi ya fi nuna wannan a fili. Fiye da giram 60 nasa na narkewa a mililita 100 na ruwa, amma asid ɗinsa, benzowik, giram 3.4 kacal ke narkewa a lita guda a digiri 25.

A narkar da giram 5 na gishirin a mililita 50 na ruwa. A zuba mililita 20 na HCl mai ƙarfin 2 M a hankali ana juyawa. Farar laka mai kauri za ta cika kofin. A duba da takardar pH, ya sauka zuwa 2 ko ƙasa, in bai kai ba akwai sauran gishirin da bai juya ba. A sa kofin cikin ƙanƙara minti 15, a tace, a ɗauraye da ɗan ruwa mai sanyi ƙarara. Abin da lissafi ya bayar giram 4.2 ne, kaɗan zai saura a ruwa. Don tsarkakewa a narkar da shi a kusan mililita 100 na ruwa mai tafasa, a sauke, a bar shi ya huce da kansa, zai fito siri-siri kamar allurai masu ƙyalli. Kada a daɗe ana tafasawa, yana bin tururi ya gudu, tururin kuma na sa tari. Busasshensa yana narkewa a digiri 122. A jefa ɗan kaɗan a ruwan bekin soda, zai yi kumfa ya narke, ya koma gishirin da aka fara da shi.

Ga mai zoɓo akwai darasi uku a nan. Asid ɗin ne ke hana ƙwayoyin yis da fumfuna girma, gishirin hanya ce kawai ta shigar da shi cikin ruwa, don haka benzowet ba ya aiki sosai sai abin sha na da tsami, pH ƙasa da 4.5. Zoɓo ya cika wannan sharaɗi, madarar waken suya da kunun aya ba su cika ba, zuba musu shi asara ce. Na biyu, a narkar da benzowet shi kaɗai a ɗan ruwa, a juye a babban mazubi a gauraya, sannan a sa sitirik ko lemun tsami. Idan aka haɗa su da kauri a kofi ɗaya, farar lakar nan ce za ta fito ta ƙi narkewa. Na uku, da sikeli ake aunawa: giram 5 ya ishi lita 20, kuma mai sayarwa ya bi iyakar da NAFDAC ta gindaya. A guji haɗa shi da ƙarin bitamin C a abin shan da zai zauna a rana, domin zafi da haske na sa su haifar da ɗan benzin, sinadari mai cutarwa.

Wannan dabara ta mayar da asid gishiri don ya narke ita ce dalilin da ake ganin sodiyam ko fotasiyam a bayan sunan magani irin su diclofenac. Farin magi ma gishirin sodiyam ne na asid ɗin gulutamik.

Esta

Esta ita ce abin da ke samuwa idan asid ɗin kaboksilik ya haɗu da alkohol irin su itanol. A busasshiyar kwalbar gwaji a haɗa mililita 2 na itanol da mililita 2 na itanowik tsantsa. Malami ya ɗiga salfiyurik mai kauri sau huɗu ko biyar ta gefen kwalbar. A tsayar da ita a ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 70 na minti 10, nesa da harshen wuta, domin itanol da estar duk masu kamawa ne. A juye a kofi mai mililita 20 na ruwan sodiyam kabonet. Kabonet zai mayar da ragowar asid gishiri mara wari, sai ƙamshin estar ya fito, irin na ruwan goge jan farce. Da hannu ake kaɗo ƙamshin zuwa hanci.

CH₃COOH + C₂H₅OH ⇌ CH₃COOC₂H₅ + H₂O

Haɗin yana tafiya gaba da baya. Idan aka fara da mol ɗaya-ɗaya, kashi biyu cikin uku ne ke zama esta ya tsaya. Ruwa na tura shi baya, shi ya sa khal ɗin kicin, wanda kashi 95 nasa ruwa ne, ba ya ba da komai. Idan haɗin ya yi baƙi, salfiyurik ya yi yawa ko zafi ya wuce.

Sabulu

Mai da kitse estoci ne: gilisarin ɗaya riƙe da dogayen asid uku. Bafaranshe Michel Eugène Chevreul ne ya bayyana haka a binciken da ya wallafa a 1823. Kostik soda na tsinke haɗin, gilisarin ya fita, asid ukun su zama gishiri. Da kostik soda, NaOH, ana samun sabulu mai tauri. Tokar tsirrai kuwa fotasiyam kabonet ce ta fi yawa a cikinta, gishirin fotasiyam kuma laushi gare shi da son laima, shi ya sa sabulun salo ke da taushi yana naso.

Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Giram ɗaya na man ja na cin giram 0.142, man alayyadi 0.176, man kwakwa 0.183, man kaɗe 0.128, man gyaɗa 0.137, kitsen shanu 0.143. Wanda ya musanya wani mai da wani bai sake lissafi ba ya ɓata sabulunsa tun kafin ya kunna wuta. Ga haɗin kilo ɗaya:

Man ja giram 500, sodarsa giram 71
Man alayyadi giram 300, sodarsa giram 52.8
Man kaɗe giram 200, sodarsa giram 25.6

Jimilla giram 149.4. A rage kashi 5 cikin ɗari don ɗan mai ya saura ya kare fata ya kuma rufe kuskuren awo, ya zama giram 142 na soda, da giram 290 na ruwa. Man alayyadi ke kawo kumfa saboda gajerun asid ɗinsa masu kabon 12 da 14, man ja ke kawo tauri, man kaɗe ke kawo laushi a jiki. Da sikeli ake auna komai. Gwangwani da ludayi ba sa aiki a nan, domin lita ɗaya ta mai ba ta kai kilo ɗaya ba. Masu amfani da haidiromita, ma'aunin kaurin ruwa, da ke tsayar da ruwan soda a 1275, ƙarfin ruwan nasu kusan kashi 25 cikin ɗari ne, don haka wannan haɗin zai ci giram 568 nasa, wajen mililita 445, kuma sabulun zai fi daɗewa bai bushe ba saboda ruwansa ya fi yawa.

A sa safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefen ido, da riga mai dogon hannu. A yi aikin a fili, yara ba sa kusa. Mazubi ya zama na sitil ko roba mai kauri. Tukunyar alminiyam haramun ce ga wannan aiki, soda na cin ta tana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

A auna ruwan sanyi tukuna, ruwan sama ko tatacce ya fi. A riƙa zuba soda cikin ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasa ya fantsamo a fuska. Ruwan zai yi zafi sosai da kansa, a kauce wa tururin, a bar shi ya sauko zuwa digiri 40 ko 45. Kafin nan a narkar da mayukan a wuta kaɗan, a tace, su ma su zo wannan zafin. A tsiyaya ruwan soda cikin mai siriri, ana juyawa da muciya ba tsayawa. Da hannu yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, da injin markaɗe na hannu 'yan mintoci. Alamar ya haɗu ita ce ya yi kauri kamar kunu, idan aka ɗiga daga muciya sai sawun ya tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse. A lokacin ake sa turare, kusan giram 20 ga kilon mai. A juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a rufe da kwali da tsohon bargo na awa 24 zuwa 48. A fitar a yanka, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa, ana juya su, mako huɗu zuwa shida.

Idan soda ta taɓa fata, ruwa mai yawa ake kwararawa na aƙalla minti 15. Idan ido ne, a buɗe shi a ƙarƙashin ruwa minti 20 sannan a garzaya asibiti. Ruwan soda ba shi da launi ba shi da wari, kamar ruwan sha yake, kuma yaron da ya kurɓa maƙogwaronsa na iya ƙonewa ya tsuke har abada. Kada a taɓa ajiye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, kada kuma a bar shi ya kwana a inda hannun yaro zai kai. Idan hakan ta faru, ba a sa yaron amai, asibiti ake nufa kai tsaye.

Inda sabulu ke lalacewa

Idan haɗin ya daskare tun ana zuba soda, ya zama gudaji kafin a juya, yawanci tsohon man ja ne. Man da ya daɗe, ko aka tatse daga kwakwar da ta kwana biyu a tare, wani ɓangarensa ya riga ya tsinke ya zama asid sakakke. Esta sai a hankali soda ke cin ta, asid sakakke kuwa nan take yake zama gishiri. Maganinsa sabon mai, ko a sauke zafin haɗin, a ƙara ruwa kaɗan, a yi sauri.

Akwai kuma kaurin ƙarya. Idan ruwan soda ya yi sanyi da yawa, man kaɗe ko kitse ya fara daskarewa, sai a zaci sabulu ya haɗu. An zuba a akwati sai mai ya taso sama, ruwan soda ya kwanta ƙasa. A hunturu wannan ya fi faruwa. A mayar da duka tukunya, har da ruwan da ya rabu, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa har ya haɗe.

Sabulun da ke marmashewa, mai fararen tsakuwoyi a ciki, mai sa fata zafi, soda ta yi masa yawa ko ba ta gama narkewa ba. Ba ya zuwa jiki. Ana iya ceto shi: a gurza, a narkar a ruwan zafi, a zuba ruwan gishirin girki mai kauri, giram 36 a kowane mililita 100. Sabulun zai taso sama gudaji-gudaji, rarar soda da gilisarin su saura a ruwan ƙasa. A kwashe a matse, ya yi wanki. Wanda kuma ya ƙi tauri yana maiƙo bayan mako guda, soda ta gaza, ko dai awo, ko buhun ya sha iska ya zama kabonet. Sodar kirki busasshiya ce mai walƙiya, wadda ta dunƙule ko ta jiƙe ƙarfinta ya ragu.

Farar hoda a saman sabulu sodiyam kabonet ce, daga haɗuwar soda da iska a kwanakin farko. Ba ta cutarwa, ana goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, rufe saman da leda tun a akwati na hana ta. Ɗigo-ɗigon ruwan lemo mai warin tsohon mai alama ce ta man da ya lalace, kuma man gyaɗa da na waken suya sun fi kawo shi, don haka kada su wuce kashi 15 zuwa 20 na haɗin. Gumin da sabulu ke yi da damina gilisarin ne ke jawo laima, a naɗe shi da zarar ya gama bushewa.

Wani lokaci sabulun lafiyarsa ƙalau, ruwan ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratsa dutsen farar ƙasa yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam. Su kuma gishirinsu da dogayen asid ɗin nan ba ya narkewa, shi ne dattin da ke tasowa kamar dusa ya manne a bokiti da tufafi, kumfa ta ƙi tashi. A jiƙa ɗan kanwa ko soda ash a ruwan wankin tukuna, a bar shi ya kwanta, kabonet zai saukar da kalsiyam ƙasa, sannan a tsiyaye a sa sabulu.

Don tabbatar wa ɗalibai cewa sabulu gishirin asid ne, a gurza giram 2 a narkar a mililita 100 na ruwan sama mai zafi, a raba uku. Takardar pH za ta nuna 9 zuwa 10. Kofi na farko a girgiza, kumfa za ta tashi. Na biyu a ɗiga masa ruwan kalsiyam kulorayid, dusar nan za ta fito. Na uku a zuba masa babban cokali biyu na khal: kumfa za ta mutu, ruwan ya yi fari, idan ya huce wani abu kamar kaki ya taso sama. Wannan kakin shi ne asid ɗin man ja da man kaɗe. A kwashe shi, a sa a ruwan soda mai rauni a ɗumama a girgiza, kumfa za ta sake tashi.